Zarton yankan ƙarfe ba ya lalacewa banza: a duba shi kafin a yar

Duk wanda ya daɗe yana aiki da injin zarto mai zagaye, wanda zartonsa bel ne na ƙarfe mai haƙora da ke kewaya wili biyu, ya san yadda abin ke zuwa. Ana tsakiyar yanka sai a ji ƙas, zarto ya tsinke. Ko a ciro guntun da aka yanke a tarar ya karkace, ko a haska fitila a ga haƙora goma sun zube a jere. Abin da galibi ake yi shi ne a cire shi a wurga cikin tarin ƙarafa, a ce zarton ne ba shi da kyau, a ɗauko sabo. Ba a jima ba sai sabon ya bi sahun na farko, ta hanya ɗaya, wani lokaci ma a kan ƙarfe ɗaya.

Ruwa ba ya tsami banza. Akan samu zarto mai aibi tun daga masana'anta, amma ba kasafai ba. Yawanci abin da ya kashe zarto yana jikin inji, ko a saitin gudu da dannawa (wato ƙarfin da zarto ke sauka da shi a kan ƙarfe), ko a yadda aka ɗaure ƙarfen da ake yankawa. Kuma zarton da ya lalace yana ɗauke da shaidar abin da ya same shi a jikinsa. Wanda ya yar da shi bai duba ba ya yar da hujjar da za ta kai shi ga gyara, shi ya sa nake ganin minti biyar da za a ɓata ana juya shi a hannu sun fi komai amfani a wannan aikin.

Zarton da aka fi amfani da shi yau wajen yankan ƙarfe haɗin ƙarfe biyu ne. Jikinsa ƙarfe ne mai lanƙwasa ya dawo, irin na sifirin, shi ke jure zagaye wili. Tsinin haƙoran kuwa daga wani siririn ƙarfe mai tsananin tauri yake, wanda aka yi wa walda a gefen jikin kafin a fitar da haƙora. Wanda aka fi sani shi ne M42, mai sinadarin kobalt kashi 8 cikin 100, taurinsa kan kai 67 zuwa 69 a ma'aunin Rockwell C, kuma yana riƙe taurin har zafi ya haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyas. Zarton da aka yi da ƙarfen kabon zalla kuwa yana fara laushi da zarar zafi ya wuce wajen digiri 200. Sai dai tauri tare yake tafiya da gautsi: haƙorin da zai ci ƙarfe bai dakushe ba, duka ɗaya zai iya ɓalle shi.

Idan ka kalli zarto daga sama za ka ga haƙoran ba a layi ɗaya suke ba, an ɗan karkata wannan dama, wancan hagu, wani kuma an bar shi tsaye. Dalili shi ne hanyar da suke buɗewa ta fi kaurin jikin zarton faɗi, don kada ƙarfe ya matse shi. Tsakanin haƙori da haƙori kuma akwai kwari, inda ɓarɓashin da haƙori ya yanko ke zama har ya fita daga cikin ƙarfen. Tsini, karkatar haƙora da wannan kwari: kusan kowace matsala a kan ɗayansu take faɗawa.

Fara da ɓarɓashi

Kafin ka taɓa kowane saiti, ɗebo ɓarɓashin da ya zuba a ƙarƙashin inji ka baza a kan farar takarda. Idan yanka na tafiya daidai a kan baƙin ƙarfe na yau da kullum, za ka ga ɓarɓashin ya nannaɗe sako-sako, yana ƙyalli fari, da ɗan ɗumi kawai. Idan gari ne, ko siraran ƙwayoyi masu kama da ƙura, to haƙoran gogar ƙarfen suke yi, ba yanka ba, dannawa ta yi kaɗan. Idan kuma ya yi kauri, ya nannaɗe tamau, launinsa ya koma ruwan ƙasa ko shuɗi, zafi ya yi yawa. Launin ma ma'auni ne: ƙarfe kan yi ruwan ƙaiƙayi a wajen digiri 220, ya yi shuɗi a kusan digiri 300. Ɓarɓashi shuɗi na nufin gudu ya yi yawa, ko dannawa ta wuce kima, ko ruwan sanyaya ba ya kaiwa inda ake yankan.

A nan ne mutane da yawa ke cutar da zarto bisa kyakkyawar niyya. Suna ganin idan suka rage dannawa sosai, zarto zai huta ya daɗe. Akasin haka ne. Haƙorin da bai nutse cikin ƙarfe ba santsi yake yi a kansa, gogayya ta haifar da zafi, kuma babu ɓarɓashi mai kauri da zai ɗauke zafin ya fita da shi. Sai tsinin ya goge ya yi ƙyalli, zarto ya dakushe alhali bai yi wani aikin kirki ba. A kan ƙarfe marar tsatsa irin 304 da 316 abin ya fi muni, domin wannan ƙarfe yana ƙara tauri a duk inda aka goge shi. Haƙori na farko ya goga ya taurara fuskar, na biyu ya zo ya tarar da wuri mai tauri fiye da da, shi ma ya goga. Cikin ɗan lokaci kaɗan zarto ya tashi daga aiki. Maganinsa gudu kaɗan da dannawa mai ƙarfi wadda ba ta yankewa, kuma kada a bar zarto yana juyawa a cikin ƙarfen ba tare da yana sauka ba.

Gudun zarto ana auna shi ne da mita nawa yake ci a minti. Da zarto mai haɗin ƙarfe biyu, baƙin ƙarfe mai laushi yana son wajen mita 70 zuwa 90, marar tsatsa wajen 30 zuwa 40, ƙarafan da ake ƙera kayan aiki da su irin D2 ƙasa da haka ma. Alminiyam yana ɗaukar gudu mai yawa, ɗaruruwan mita. Injin yankan katako kan yi gudun da ya kai mita 900 a minti, don haka wanda ya ɗora masa zarton ƙarfe ya kara baƙin ƙarfe zai ƙona haƙoran nan take. Waɗannan alƙaluma na fara gwaji ne, teburin da mai ƙera zarton ya bayar shi ne abin bi, ɓarɓashi kuma shi ke tabbatar da ko an dace.

Zubewar haƙora

Wannan ita ce matsalar da ta fi ɓata rai, domin sau da yawa sabon zarto take samu. Kuma tushenta mafi yawa shi ne rashin dacewar girman haƙori da kaurin ƙarfen.

A jikin kwalin zarto akwai lambar da ke nuna yawan haƙora a kowane inci, ana rubuta ta TPI. Ƙa'idar da masu ƙera zarto suka yi ittifaƙi a kai ita ce a kowane lokaci kada haƙoran da ke cikin ƙarfe su gaza 3, kada kuma su wuce 24, mafi kyau su kasance tsakanin 6 da 12. Duba abin da ke faruwa idan aka saɓa ta ɓangaren farko. Zarto mai haƙora 4 a inci, tazarar haƙoransa ta haura milimita 6. Ka kawo bututu mai kaurin bango milimita 2. Bangon zai shige kwarin da ke tsakanin haƙora biyu gaba ɗaya, haƙorin da ke tafe ya daki gefensa da dukkan nauyin inji. Ba yanka ba ne wannan, karo ne, kuma haƙori mai gautsi ba ya jure karo.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, ɗauki dunƙulen rodi mai kaurin milimita 100 ka sa masa zarto mai haƙora 14 a inci. A tsakiyar yankan haƙora sama da 50 ne a cikin ƙarfe lokaci guda. Nauyin dannawa ya rarrabu a kansu har kowanne ba ya samun abin da zai nutse da shi, ƙananan kwarin kuma suna cika da ɓarɓashi tun kafin su kai rabin hanya. Kwarin da ya cika ba shi da inda zai sa sabon ɓarɓashi, sai ya danƙare, ya manne, ya tura haƙorin har ya ɓalle. Rodi irin wannan zarto mai haƙora 3 zuwa 4 yake so, wanda ake rubutawa 3/4. Bututu mai siririn bango kuwa 10/14 ko 14/18. Lambobi biyun suna nufin tazarar haƙoran ba iri ɗaya ba ce, tana sauyawa tsakanin manya da ƙanana a jere, abin da ke rage girgiza kuma ya ba zarto ɗaya damar yankan kauri daban-daban.

Bututu yana da wuyar sha'ani ta wata fuska. A samansa zarto na ratsa wuri mai faɗi, a tsakiya siraran bango biyu kawai yake ci, a ƙasa ya sake faɗaɗa. Idan inji na saukowa ne da nauyinsa, da zarar ya kai siraran bangon sai ya faɗa da sauri, domin abin da ke tare shi ya ragu. A daidai nan haƙora suka fi zubewa. Injin da ke da silinda ta haidirolik mai daidaita saukowa yana magance wannan, muddin silindar lafiya take. Idan iska ta shiga cikin man silindar, ko bawul ya fara yoyo, kan injin zai riƙa saukowa da tsalle-tsalle. Gwajin ba wuya: kashe inji, ɗaga kan, buɗe bawul kaɗan, ka zuba ido ko zai sauko a hankali ba tangarɗa daga sama har ƙasa.

Sai batun ɗauri. Ƙarfen da ya motsa a cikin bayis, wato abin da ke matse shi a jikin inji, ko da rabin milimita ne, ya isa ya ɓalle haƙori. Rodi mai zagaye yana iya juyawa idan haƙori ya kama shi. Idan aka haɗa roduna da yawa a yanka su tare, na tsakiya su ne ba su matsu ba, su ke juyawa. Shi ya sa ake ɗaure su ta sama da ta gefe, ko a ɗan ɗiga walda a ƙarshensu a haɗe su. Ƙarfe mai kusurwa a kifa shi, ƙololon ya kalli sama, don zarto ya ci ɓangarorin biyu tare. Guntu gajere da ya kama gefe ɗaya na bayis kawai yana sa bakin bayis ya karkace, sai a sa wani guntu mai faɗi ɗaya a ɗaya gefen.

Abin da ya sa haƙora ke zubewa a jere shi ne idan ɗaya ya tafi, wanda ke bayansa zai ɗauki kason biyu, shi ma ya tafi, na uku ya ɗauki na uku. Kuma haƙorin da ya ɓalle sau da yawa yana nan maƙale a gindin yankan, guntun ƙarfe mai taurin da ya yi daidai da na sabon zarton da za ka ɗora. Wanda ya sa sabon zarto a tsohuwar hanyar zai rasa haƙora a zagayen farko. A juya ƙarfen a fara ta wani gefe, ko a matsa gaba a buɗe sabuwar hanya. Haka ma gefen da aka yanke da wuta ko wurin da aka yi walda, ya taurara, gara a goge shi da injin gurza kafin zarto ya taɓa.

Akwai abin da ake tsallakewa wanda ni a ganina shi ya fi komai rage kwanan zarto, wato horar da sabo. Tsinin sabon haƙori yana da kaifi fiye da kima, siriri ne ƙwarai a bakinsa. Idan aka danna shi da cikakken ƙarfi tun farko, bakin yana ɓarɓashewa ta yadda ido ba ya gani, kuma daga waɗannan ƙananan karaya dakushewa ke farawa. Idan aka bi shi a hankali, bakin yana gogewa ya yi ɗan zagaye mai ƙarfi wanda zai daɗe. Yadda ake yi: a bar gudu yadda ya dace da ƙarfen, a rage dannawa zuwa kusan rabi, a yanka abin da ya kai murabba'in santimita 300 zuwa 600, sannan a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har a kai cikakke. A kan rodi mai milimita 100, wanda fuskarsa ta kusa murabba'in santimita 80, yanka huɗu zuwa takwas ke nan. Sharaɗi ɗaya: ko a lokacin horon, dole a ga ɓarɓashi na fita, ba gari ba.

Idan yanka ya karkace

Karkacewa iri-iri ce, kuma rarrabe su shi ne rabin gyara. Yanko siririn faifai daga rodi ko ƙarfe mai kusurwa huɗu, ka yi masa alamar sama kafin ya faɗi, ka auna kaurinsa a sama da ƙasa, da kuma gefe da gefe. Idan bambancin tsakanin gefe da gefe ne, wato daga inda zarto ke shiga zuwa inda yake fita, bayis ne bai daidaita da layin zarto ba, sukwaya za ta nuna maka. Idan sama da ƙasa ne suka bambanta kuma layin miƙaƙƙe ne, kullum gefe ɗaya, to jagororin da ke riƙe zarto sun karkatar da shi, ko ƙarfen bai kwanta daidai ba saboda tsawonsa ya rinjaya ba a tallafe shi ba. Amma idan fuskar yankan ta yi ciki, ta fara daidai sannan ta lanƙwashe, matsalar a zarton kansa take: ya dakushe, ko bai ɗauru ba, ko an danna shi fiye da ƙarfinsa, ko jagororin sun yi nisa da juna.

Wannan na ƙarshe ana raina shi. Ɓangaren zarto da ke tsakanin jagorori biyu ba shi da abin da ke tallafe shi, kuma a lissafin injiniyoyi, idan tazarar ta ninka biyu, lanƙwasawar na iya kusan ninka takwas. Mutum ya gama yankan babban ƙarfe, ya kawo ƙarami, ya bar hannun jagora a can nesa inda yake, sannan ya yi mamakin karkacewa. Matso da shi kusa da ƙarfen iya yadda zai yiwu ba tare da ya taɓa ba. Daƙiƙa kaɗan ne aikin.

Ɗaurin zarto kuma ba a gane shi da yatsa. Zarto mai haɗin ƙarfe biyu yana son a ja shi zuwa psi 25,000 zuwa 30,000 (psi ma'aunin ƙarfin ja ne), na kabon kuwa 15,000 zuwa 20,000. Akwai geji da ake maƙalawa a jikin zarton yana auna yadda ya miƙe, shi ya fi abin dogaro, domin alamar da ke jikin inji tana iya yin ƙarya idan sifirinta ya gaji. Zarto sako-sako yana yawo a cikin ƙarfe, yana santsi a kan wili, yana girgiza.

Yanzu juya zarton ka dubi gefen haƙoran da kyau, dama da hagu. Idan waɗanda suka karkata gefe ɗaya sun goge suna ƙyalli, na ɗaya gefen kuma da sauran kaifi, ka samo dalilin. Zarto kullum yana bin gefen da ya fi kaifi, kuma babu saitin da zai dawo da shi, ya gama yanka miƙaƙƙe. Abin tambaya shi ne me ya goge gefen: haƙoran suna taɓa jikin wili, ko jagora ɗaya ya matso kansu, ko wani ƙarfe a jikin inji yana gogarsu a kowane zagaye. Idan gefen biyu ne suka goge, mai yiwuwa madogarin baya, wanda ke tare bayan zarto, ya cinye, zarto ya ja baya har haƙoran suka shige tsakanin jagororin gefe. Jagorori jikin zarto kawai ya kamata su riƙe, daga gindin kwari zuwa baya, ba su da hurumi a kan haƙora.

Tsinkewa

Ɗauki bakin biyu na zarton da ya tsinke ka haɗa su. Idan tsinkewar miƙaƙƙiya ce tsaf kuma daidai kan waldar da ta haɗa bakin zarton biyu ya zama zagaye, waldar ce ta gaza: ko ba a daidaita bakin ba, ko ba a sake ɗumama wurin yadda ya kamata bayan walda don a cire masa gautsi ba. Nan ne kawai za a iya ɗora laifi kai tsaye a kan wanda ya haɗa zarton. Wannan gaɓa tun asali ita ce raunin irin wannan zarto. William Newberry ya yi rajistar fasahar a Ingila a 1809, amma ba ta yi amfani sosai ba saboda mahaɗar ba ta jure zagaye, sai da Anne Paulin Crepin ta fito da dabarar haɗawa mai ƙarko a Faransa a 1846.

Idan kuwa tsinkewar a wani wuri take, bakinta kuma ba daidai ba, gajiyar ƙarfe ce. Duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta karye ya san yadda abin yake. Zarto mai tsawon mita 3 da ke gudun mita 80 a minti yana zagayawa kusan sau 27 a minti, kowane ɓangare nasa yana lanƙwasa a kan wili biyu, wato sama da sau 3,000 a awa guda. A injin da ke yanka a kwance, bayan lanƙwasawar akwai murɗawa, domin jagorori suna juya zarton ya fuskanci ƙasa sannan ya koma ya hau wili. An ƙera jikinsa ya jure wannan na tsawon lokaci, amma duk wani ƙarin wahala yana gaggauta ajalinsa.

Inda tsagewar ta faro shi ke faɗin komai. Bi jikin zarton da fitila, kana ɗan lanƙwasa shi, za ka ga wasu ƙananan tsaga da ba su kai ga tsinkewa ba. Idan daga gindin kwarin haƙora suke tasowa, ɗauri ya yi yawa, ko jagororin gefe sun matse shi ƙwarai, ko zarton ya yi wa wilin kauri. Ƙaramin inji mai ƙananan wili an yi shi ne don siririn zarto irin mai faɗin milimita 13 da kaurin 0.65, wanda ya ɗora masa mai kaurin 0.9 don yana ganin zai fi ƙarfi, gajiyar da shi zai yi da wuri. Hannun jagora da aka buɗe har ya kusanci wili shi ma yana tilasta wa zarto murɗewa a ɗan gajeren wuri. Idan kuma tsagar daga bayan zarto take farawa, shafa bayan a hankali. Za ka ji ya baje ya yi leɓe, ko ya yi ƙyallin gogewa. Wannan alamar dannawa ce mai yawa, ko boris ɗin madogarin baya ya daskare ba ya juyawa, ko zarto yana hawa yana gogar leɓen wili da ƙarfi. Bayan zarto ya kamata ya kusanci leɓen wili ne kawai, ba ya jingina da shi yana ƙara ba. Dogon karce a gefen jikin zarto, daga farko har ƙarshe, yana nuna jagora ya fashe ko ɓarɓashi ya maƙale a cikinsa.

Manyan ƙarafan gini masu siffar H ko I suna da tasu matsalar. Akwai ƙarfin da ya rage a cikinsu tun daga masana'anta, yayin da ake yanka sai hanyar ta rufe ta cije zarto. Ana yin zarto na musamman mai faɗin karkatar haƙora don irinsu, kuma ƙaramin weji da aka cusa a bayan zarto yana hana hanyar rufewa. Idan an tashi aiki kuma, sassauta ɗaurin zarto yana rage masa wahala, shi da boris ɗin wili.

Ruwa, buroshi da ƙara

Ruwan sanyaya aiki uku yake yi: rage zafi, sa santsi, da wanke ɓarɓashi. A yankan zarto santsin ne ya fi muhimmanci, kuma daga man da aka gauraya yake zuwa. Galibi ana haɗa mai kashi 5 zuwa 10 cikin 100, a ƙara kauri idan ƙarfe marar tsatsa ne. Kuskuren da aka saba shi ne a riƙa cika tanki da ruwa zalla kullum, har haɗin ya tsinke ya zama ruwa mai launi kawai. Sakamakon shi ne ɓarɓashi ya fara mannewa a tsinin haƙora, ka ga ƙananan dunƙule sun yi walda da kansu a bakin, musamman a kan alminiyam. Ƙarfen zubi shi ne ya fita daban, a bushe ake yankansa, domin garinsa da ruwa suna haɗuwa su zama taɓo mai cin jagorori.

Buroshin waya da ke share kwarin haƙora ƙaramin abu ne, amma a injuna da yawa za ka tarar ya cinye ko an cire shi an manta. Ɓarɓashin da bai fita ba yana zagayowa ya sake shiga cikin yankan, kwarin ya fara aiki a cike. Bakin wayoyin ya kamata ya kai gindin kwari daidai, kada ya gaza, kada kuma ya danne haƙoran.

Kunne ma kayan aiki ne. Ƙara mai tsini da ke tashi a tsakiyar yanka girgiza ce, haƙora na dukan ƙarfe a kan kari ɗaya har inji ya amsa. Sauya gudu kaɗan sama ko ƙasa, ƙara dannawa kaɗan, ko komawa zarto mai tazarar haƙora mabambanta kan kashe ta, kuma ya kamata a kashe ta, domin girgiza tana ɓarɓashe tsini ta bar fuskar yanka da kaushi. Sabon zarto da ke ta juyawa ba ya cin komai, a duba fuskar haƙoran, mai yiwuwa an ɗora shi a juye. Ana cire shi a birkice cikinsa ya koma waje, da safar hannu mai kauri da tabarau, fuska a nesa, domin yana iya fallewa.

Sai ƙarar da ke zuwa sau ɗaya a kowane zagaye, tak, shiru, tak. Ko walda ce ta yi kauri tana dukan jagora, ko haƙori ya fita, ko tsaga ta fara buɗewa, wani lokaci ma za ka ga zarton yana ɗan zabura gaba a daidai ƙarar. Tsayar da inji, cire shi daga wuta gaba ɗaya, buɗe murfin, ka yi alama da alli a kan waldar, sannan ka juya wili da hannu a hankali kana bin zarton har alamar ta dawo. Idan walda ce mai tudu, ana iya goge ta ta yi daidai da jiki. Idan tsaga ce, ko da ba ta kai milimita 2 ba, a sauke zarton, kuma kafin a ɗora wani a duba ta wane gefe ta faro, gaba ko baya, a gyara abin da ke wannan gefen na inji.